Kafin Ki Ba Fanel Wuta

Agege, Legas.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Birnin Kebbi lafiya, gajiyar hanya ta sake ki. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki fara aikin nan a sa'a.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, mahaifiyarki za ta ba ki shi a waya fiye da yadda kike buƙata. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da kika yi mini a tasha, cewa kamfanin shinkafar da ya ɗauke ki yana kafa sababbin injuna, kuma ke da wani abokin aikinki za ku haɗa akwatin da zai sarrafa wutarsu, wato fanel. Na ce miki madalla kawai, saboda ana ta lodi, ƙannenki kuma suna jan rigarki. A danfo, motar haya, kan hanyar komawa gida, na ga bai kamata in bar maganar a madalla ba.

Kin yi karatun da ban yi ba. Wannan 'yar kwamfutar da ake sakawa cikin fanel yanzu tana ba injuna umarni, ke kike gane ta, ni sai dai in kalla. Ba zan koya miki ita ba. Zan ba ki labarin fanel ɗina na farko ne, daga farkonsa har ƙarshensa, don kusan duk kuskuren da mai aikin wuta zai iya yi na yi shi a cikin wannan akwati guda.

Lokacin ba a daɗe da Oga Rasaki ya yaye ni ba. Shi ne Bayaraben da kakanki ya kai ni wurinsa koyon aiki a nan Agege, mutum mai ƙarancin magana da yawan bin ƙa'ida. A hannunsa na koyi wayarin gidaje da shaguna, na kuma riƙe masa kaya a wasu kamfanoni. Ina fita na buɗe shagona, sai ga aiki daga Alhaji Namadi, dillalin shanu a Oko-Oba, wanda ya gina ɗakin sanyi kusa da mayanka don ajiye naman da yake kai wa otal-otal. Ya fi son ya ba Bahaushe ɗan'uwansa aikin, ni kuma ina son a san ni. Fanel ɗin zai riƙe kwamfireso biyu, wato injunan da ke sanyaya ɗakin, da fankokin ciki, da famfon ruwa. Wuta kuma za ta shigo masa ta hanya biyu, ta gari da ta janareta.

Wanda ya sayar wa Alhaji injunan ya haɗo da zanen yadda za a yi wayarin. Na duba shi sau ɗaya na ninke na ajiye, ina ganin na gane. Na je kasuwar Alaba na sayo waya, duk ja, domin ita na samu da yawa a shago guda kuma ba na son yawo cikin rana. Na dawo na ja wayoyina, manya da ƙanana, duk a hanya ɗaya, babu lamba ko ɗaya a jikinsu. Oga Rasaki ya biyo ta wurin wata rana ya leƙa, ya tambaye ni yadda zan bambance su. Na nuna masa kaina na ce duk suna nan. Ya hau okadarsa ya tafi.

Gaskiya suna nan a kaina a wannan makon. Bayan wata biyu kuwa, da na buɗe akwatin, kamar wani ne ya yi aikin. To ki bi zane, Ummi. In kin ga kuskure a cikinsa, ki kai wa wanda ya zana ku gyara tare, a gyara a takarda ma, kada ki gyara a zuciyarki ke kaɗai. Kowace waya ki sa mata lamba a bakinta na nan da na can. Manyan wayoyin da ke kai wuta ga injuna su bi hanyarsu, ƙananan da ke ɗauke da umarni su bi tasu. Launi kuma ba ado ba ne, musamman na wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa, kada ki yarda ki yi wani aiki da launinta ko da ita kaɗai ta rage a sito. Wanda zai buɗe akwatin bayanki ba ya cikin kanki, kuma wataƙila yana sauri, injin ya tsaya, oga yana tsaye a kansa.

Ɗaurin wayoyin ma na yi shi da gaggawa. Akwai wata babbar waya da ke shiga kontakta, wato makunnin da ke tada kwamfireso na farko, wurin ya matse, sukudireba ba ta shiga sosai. Na murɗa iya abin da hannuna ya kai, na ce gobe zan zo da wata doguwa in ƙarasa. Goben ta zo da nata aikin. Ki riƙe wannan wayar a ranki, za mu dawo kanta. Abin da zan ce a nan shi ne, bayan kin gama ɗauri, ki koma daga farko ki bi kowane baki ɗaya bayan ɗaya, ki ja wayar da hannu ki ji ko tana motsi, ki sa alama a wanda kika tabbatar. In akwai makullin da ke auna ƙarfin ɗauri a wurin aikinku, ki yi amfani da shi, kada ki ji kunya don wasu sun ce hannunsu ya saba. Injin shinkafa jijjiga gare shi. Abin da bai ɗauru ba yau, wata mai zuwa ya saki, kuma inda waya ta saki nan zafi yake taruwa.

Ranar ba da wuta Alhaji ya gayyato mutane. Mahauta, abokansa dillalai, har da mai addu'a. Ni kuma na sa sabuwar riga. Na tsaya a gaban fanel, ƙofarsa a buɗe, fuskata dab da ƙarafan da ke ɗauke da wuta, na ɗaga duk birekokin, wato makunnan da ke yanke wuta in ta yi yawa, lokaci guda. Allah ya rufa asiri babu abin da ya fashe. Sai dai fankokin ciki suka tashi suna juyawa da baya, domin layukan wutar uku ban jera su daidai ba. Wani mahauci ya fito daga ɗakin yana dariya, ya ce iskar tana ja ne maimakon ta busa. Mutane suka yi dariya, kunya ta kama ni, na ce a ba ni minti kaɗan.

Daidai nan aka ɗauke wutar gari. Na ji daɗi ma, na ce ga dama ta samu. Na ce wa mai kula da janareta kada ya tayar sai na yi magana, ya ce to. Na sa hannu na kwance wayoyi biyu zan musanya su. Ban kashe babban makunni ba, ban kulle komai ba, maganarsa kawai na riƙe. Shi kuwa Alhaji yana can waje bai san abin da muka yi da mai janareta ba, ya ga baƙinsa suna tsaye cikin zafi, ya aika a ce a tada inji. Mutumin ya ɗauka ni na aiko.

Na ji ƙarar janareta, kafin in janye hannu sukudireba ta haɗa layi biyu. Hasken da ya tashi ban taɓa ganin irinsa ba. Na tsinci kaina zaune a ƙasa, idona ba ya gani, gashin girata ya ƙone, bayan hannuna na hagu ya saɓule. Tabon da kika saba gani ke nan. Sukudirebar ta narke rabi. Mai janareta ya zo yana rantsuwa da kuka, ni kuwa ko a lokacin na san ba laifinsa ba ne. An ce masa kada ya tayar, an kuma ce masa ya tayar, ya bi ta ƙarshe.

Ki ji ni da kyau a nan. Maganar mutum ba ta kashe wuta. Ko ni ne na ce miki na kashe, ki je ki gani. Ki kashe da hannunki, ki sa kwaɗonki a jikin makunnin, makullin ya zauna a aljihunki, ki rataya takarda da sunanki. In ku biyu ne a aikin, kwaɗo biyu, kowa da nasa. Ki zagaya ki ƙirga hanyoyin da wuta ke shigowa akwatin, domin ba kasafai take zama ɗaya ba: ta gari, ta janareta, wani lokaci ta sola, wani lokaci wata 'yar waya da aka jawo daga wani akwati don fitila ko umarni. Ɗauke wuta ba kashewa ba ne, wanda ya ɗauke ta zai dawo da ita ba tare da ya yi miki sallama ba. Bayan kin kulle, ki gwada mitarki ta auna wuta a inda kika san akwai wuta, ki auna inda za ki taɓa, layi da layi, layi da ƙasa, sannan ki sake gwada mitar don ki tabbatar ba ta mutu a tsakani ba. Na'urorin da ke rage wa injin gudu suna riƙe wuta a cikinsu bayan an kashe, ki jira kamar yadda aka rubuta a jikinsu, ki kuma auna.

Akwai abin da ya shafe ki ke musamman. Zobe, awarwaro, sarƙa, agogon ƙarfe, duk ki cire kafin ki buɗe akwati. Hijabinki ki nemi ƙarami wanda zai shige cikin rigar aiki, na auduga, ba mai santsin nan da ke narkewa a jiki in wuta ta taɓa shi ba, kuma kada ki kafe shi da allura. Mahaifiyarki ta ɗinka miki guda uku, ni na ce ta yi, ko da ba ta faɗa miki dalili ba.

Ranar ba da wuta kuma ba ranar biki ba ce. Ki sallami 'yan kallo. Kafin komai ki auna ko akwai inda layi ya taɓa layi ko ya taɓa jikin akwati, ki duba ba ki bar guntun waya ko filaya a ciki ba. Ki saukar da duk ƙananan birekoki, ki rufe ƙofa, ki tsaya a gefe, ki kau da fuska, sannan ki ɗaga babba. Ki auna wutar da ta shigo da jerin layukanta. Ki fara da ɓangaren umarni, ki danna jan maɓallin gaggawa ki ga ya yi aikinsa. Daga nan injuna ɗaya bayan ɗaya, ki ɗan taɓa kowanne ki ga inda yake juyawa, bayan kin tabbatar babu mai hannu a cikinsa. A kamfanin shinkafa akwai bel da ƙarafa masu jan kaya, in suka juya da baya ba dariya za a yi ba.

Na warke, na koma na ƙarasa, ɗakin ya fara sanyi. Alhaji ya ji daɗi, ya riƙa faɗa wa mutane sunana. Amma akwai abin da na bari a baya wanda ban ɗauke shi komai ba, shi ne wayar ƙasa. Na kafa sandar jan ƙarfe a bayan gini, na jawo waya na ɗaura a jikin fanel. Sai dai a kan fenti na ɗaura ta, ban kankare ba, sandar kuma gajera ce, na kafa ta cikin ɓaraguzan gini. Jikin injuna da bangon ɗakin, wanda duk ƙarfe ne, na haɗa su da wata siririyar waya da ta rage mini. Ban auna ba, don ba ni da na'urar aunawa, kuma na ƙi zuwa aro wurin Oga Rasaki kada ya ce har yanzu ban tsaya da ƙafata ba. Wayar ƙasa ba ta kunna fitila, ba ta juya fanka. Ko tana aiki ko ba ta yi, ɗaki zai yi sanyi, mai gida zai yi murmushi. Shi ya sa ake raina ta.

Aka shiga Disamba. Kin san Legas a wannan wata, kowace unguwa da rumfar biki, otal-otal suna neman nama kamar me. Ɗakin Alhaji ya cika har ƙofa. Sai kwamfireso na farko ya fara tsayawa da kansa. Obalod ne ke yanke shi, wato 'yar na'urar da ke kashe injin in ta ji yana jan wuta fiye da kima. In aka danna ta ya tashi, ya ɗan yi aiki, ta sake yankewa. Aka kira ni da hantsi. Na tarar da Alhaji a tsaye, ga motocin otal suna jira, ga kwamfireso na biyu shi kaɗai ya kasa riƙe sanyin, naman bakin ƙofa ya fara laushi.

Na buɗe akwatin na ga jajayen wayoyina babu lamba, na rasa ta inda zan fara. Na ce wa Alhaji sai an kashe komai na bi layin a hankali, kuma zai iya kai mu la'asar. Ya ce ba zai yiwu ba. Bai yi mini tsawa ba, ki sani, da ma tsawa ya yi da na fi samun bakin musu. Dafa kafaɗata ya yi ya ce:

"Garba, naman nan ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar mutane ce. Ka yi mini dabara ya kai mu jibi, sai ka yi gyaranka a nutse."

Na yanki guntun waya na tsallake obalod ɗin. Injin ya tashi bai sake tsayawa ba. Alhaji ya sa mini albarka, na tafi wani aiki a Ojota ina jin na fitar da mutum kunya.

Abin da ke faruwa kuwa, wayar nan da na ce ki riƙe a ranki ce ta saki. Zafi ya cinye bakinta, layi ɗaya yana zuwa yana yankewa, injin yana ja da layi biyu. Obalod gaskiya yake faɗa, ni na toshe masa baki. Injin ya yi ta zafi har wayoyin cikinsa suka ƙone suka taɓa jikinsa. Da wayar ƙasa tana da kyau, da wutar ta bi ta da ƙarfi, bireka ta faɗi nan take, an yi asarar inji kawai. Da yake ba ta da kyau, bireka ba ta ji komai ba, wutar ta zauna a jikin injin, ta bi siririyar wayata ta shiga bangon ɗakin da ƙofarsa.

Baba Sale mai tsire na bakin layinmu, wanda kuke gaisarwa, a lokacin saurayi ne mai ƙarfi, ɗan ƙasar Katsina, yana dakon nama a mayanka. Washegari da safe ya ɗauko cinyar sa a kafaɗa, ƙafarsa babu takalmi, ƙasa jiƙe da ruwan wanki, ya kama hannun ƙofar. Wuta ta riƙe shi. Waɗanda ke wurin sun ce ko ihu bai iya yi ba, jikinsa ne kawai ke karkarwa. Wani ya yunƙura zai ja shi, wata Bayarabiya mai sayen kayan ciki ta ture shi gefe, ta ɗauki busasshen katakon benci ta doke hannun Sale daga ƙofar. Ita ta ceci mutum biyu a ranar. Ki koya wa duk masu aiki kusa da fanel ɗinki inda ake kashe shi, har da masu shara da masu dako, ki kuma faɗa musu kada su taɓa wanda wuta ta riƙe da hannu.

Ina shago aka zo mini da labari. Ban san yadda okada ta kai ni Oko-Oba ba. Na tarar an tafi da Sale asibiti, an kashe wuta, ana fitar da nama ana lodawa a motoci don neman wani ɗakin, wanda ya lalace an tara shi gefe. Alhaji bai kalle ni ba. Wani daga cikin mahauta ne ya je ya kira Oga Rasaki.

Na ɗauka zai kunyata ni a gaban mutane. Ya zo ya sa kwaɗonsa a babban makunni, ya auna, ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo. Ya zaro guntun wayar da na tsallake da ita ya miƙo mini, ya ce in riƙe. Ya nuna mini bakin da ya ƙone. Ya kwance wayar ƙasa ya nuna mini fentin da ke ƙarƙashinta, lafiyayye, ko ƙwarzane babu. Sannan ya juya wurin Alhaji ya ce da shi cikin Hausarsa ta Agege, ɗakin nan ba zai sake ganin wuta ba sai an kwance komai an sake, kuma ni zan yi aikin, shi zai tsaya. Alhaji ya fara maganar masu jiran kaya. Oga ya ce in yana so ya nemi wani, amma kwaɗonsa ba zai fita ba sai da hannunsa. A ranar na ga yadda ake cewa a'a ba tare da ɗaga murya ba.

Mun fi mako muna aikin. Na cire kowace waya, na bi zanen da na ninke, na sa lamba. Muka kafa sanduna masu tsawo a inda ƙasa ke da danshi, muka auna, muka ƙara, muka sake aunawa har Oga ya gamsu. Muka kankare fenti a duk inda wayar ƙasa za ta zauna, muka haɗa ƙofar fanel, da jikin kowane inji, da bangon ɗakin, da ƙofarsa, da waya mai kauri. Muka ƙara bireka mai jin yoyon wuta, saboda wurin ruwa ne. Alhaji ya sayi sabon kwamfireso. Bai sake ba ni aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba, ko da yake har ya rasu muna gaisawa.

To ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. Duk na'urar da ta yanke wuta tana da dalili. Aikinki ki nemo dalilin, ba ki hana ta yankewa ba. Kada ki tsallake obalod, kada ki sa fiyus da ya fi wanda aka rubuta, kada ki ɗaure makunnin ƙofar inji don a yi sauri. Babu tsallakewar kwana biyu, wanda ya sa ki zai manta, ke ma za ki manta. Wayar ƙasa kuma ita za ki fara ɗaurawa, ita za ki fara aunawa, ki rubuta abin da kika samu. In ba ki da na'ura ki ara, in ba ki sani ba ki tambaya. Girman kan da ya hana ni zuwa aro, wani ne ya biya shi da hannunsa.

Za a matsa miki, kuma za a fi matsa miki fiye da yadda aka yi mini, don ke mace ce, yarinya, baƙuwa, Hausarki ma za su ce ta Legas ce. Lokacin kaka manyan motoci za su yi layi a bakin kamfani, injin ya tsaya, manaja ya zo da kansa. Wataƙila ba zai yi faɗa ba, zai kira ki 'yata, ya roƙe ki dabara. Kada ki yi masa rashin kunya, shi ma ana matsa masa daga sama. Ki faɗa masa abin da ya lalace, da abin da zai faru in an tilasta injin, da lokacin da kike buƙata. In ya nace, ki ce ya sa a rubuce, ki kai maganar ga babban injiniyanku. In abin ya kai a sallame ki, ki hau mota ki dawo Agege, ɗakinki yana nan, ba wanda zai tambaye ki me ya sa.

Sai da na yi kwanaki kafin na iya zuwa asibiti. Kullum in shirya, in kai bakin titi, in koma. Mahaifiyarki, muna sabon aure a lokacin, ita ta dafa abinci ta zuba a kwano ta miƙo mini, ta ce ba za ta karɓi kwanon ba sai babu komai a ciki. Na tarar da Sale a kwance, hannunsa na dama a naɗe har gwiwa. Likita ya riga ya faɗa masa yatsun ba za su sake dunƙulewa ba, dako ya ƙare. Na zauna na faɗa masa abin da na yi, tun daga fentin har guntun wayar, ban rage ba. Ya saurara, ban san ko ya gane rabin maganar ba. Na shirya jin zagi, na shirya jin maganar hukuma. Da na gama ya ce:

"To yanzu ƙofar, ka gyara ta? Ƙanena Hamisu ne ya karɓi wurina, shi zai riƙa buɗe ta."

Na ce muna kan gyarawa. Ya ce in mun gama in zo in faɗa masa da bakina, kafin ya bar yaron ya koma. Ranar da muka gama na je na faɗa masa. Ya tambaye ni ko ni zan iya kama hannun ƙofar ba takalmi. Na ce na auna, Oga ma ya auna, kuma na kama. Sannan ya aika a kira Hamisu.

Mutanen da za su taɓa aikinki ba su san obalod ba, ba su san wayar ƙasa ba, ba za su taɓa buɗe akwatin su duba ba. Za su zo da safe da buhu a ka, su dafa ƙarfe, don an ce musu 'yar Garba ta gama.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki buɗe fanel da yunwa ko da ɓacin rai. Ki gaishe mini da gwaggonki da kika sauka a wurinta, ki yi mata biyayya kamar yadda kike yi wa mahaifiyarki. Allah ya kiyaye hannunki da idonki, ya kiyaye duk wanda zai tsaya kusa da abin da kika haɗa. Ya kai ki wurin aiki lafiya kowace safiya, ya mai da ke masauki lafiya kowace yamma, ya kuma dawo mana da ke muna masu rai. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Garba.